Gidan Zanzaro a Tayar Motar Yaya

Tun da muka dawo daga Aliero duk wadda ta shigo dubiya sai ta ce in ba ta labari, ni kuwa in na fara da baki, akwai wurin da muryata ke sarƙewa in kasa wucewa. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ce ta ce in rubuta, a riƙa karanta wa masu tambaya. To ga shi. Karatuna ba nisa ya yi ba, wadda ta ga kuskure ta yi haƙuri.

Ga waɗanda ba su san gidanmu na Mungadi ba: maigidana ya tafi Kudu da lodin albasa tun kafin abin ya faru. Gidan ya rage daga Inna, mahaifiyarsa, sai Yaya, wansa, mai motar a-kori-kura, da iyalinsa. Yarinyar da aka yi tafiyar dominta ɗiyata ce ta fari, shekararta biyar. Ba zan rubuta sunanta ba, kun san dalili. Tun da aka yaye ta ɗakin Inna take kwana, Inna ke ce mata ƙawata, ni kuwa ko a tsakar gida sai dai in ce ke.

Lokacin cirar albasa motar Yaya ta yi wajen wata guda a ƙofar gida ba ta motsa ba, shi yana fadama. Wata rana yarinyar ta ja ni har bakin zaure wai in zo in ga ɗaki. Ashe zanzaro ne ya yi gini a tayar baya ta hannun dama, ya haɗe notuna biyu da laka, ginin ya bushe ya yi tauri kamar gindin tukunya. Ta riga ta cusa tsinken tsintsiya a rami ɗaya, ya karye a ciki. Na ce zai harbe ki, na kora ta cikin gida.

Da aka gama aikin fadama Yaya ya kai motar Jega, garejin wani Ɗanladi, a yi mata juyen man inji a canza fatun birki. Kwana uku ta yi can. Yaya yana da ɗabi'a guda da yake taƙama da ita: ba ya karɓar mota sai bakanike ya ba shi tsofaffin kayan da ya cire. Ranar da ya dawo ya zazzage su a zaure daga tsohon buhun siminti, ina jin ƙarar ƙarafan daga madafa.

"Inna, kin gani? Ni ba a yi mini aikin baka. Tayoyin dut huɗu yak kwance, ga fatun da yac cire nan."

Inna ta ce, "Ni mi nis sani ga ƙarfe? Kwashe su kar ƙawata ta taka."

Bayan kwana huɗu yarinyar ta hau tsanin rumbu tana bin kaza, ta faɗo, cinyarta ta hagu ta karye. Fata ba ta fashe ba, ƙafar dai ta juya ta kumbura. Inna ta ce ba inda za a kai ta sai Aliero wurin masu ɗori.

Da hantsi aka shimfiɗa katifa a bayan motar. Na sunkuya zan tura kwaryar fura ƙarƙashin benci, idona ya sauka kan tayar. Gidan zanzaron yana nan yadda yake, har da guntun tsinken. Daga cikin tayar kuma akwai wani danshi baƙi da ƙasa ta manne masa.

Ni ban san mota ba. Amma na sha leƙen Yaya ta zaure in taya ta yi faci, na san ba ta fita sai an kwance notunan nan ɗaya bayan ɗaya. Na kuma san laka, ni ke yaɓen murhunmu. Lakar da aka sa wa sifana ba ta zama haka.

Sai dai tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da Yaya ba. Gaisuwa ma a durƙushe nake yi, fuskata a gefe. Yau in tashi in ce masa aikin da ya zazzage a zaure yana alfahari ba a yi shi ba? Kuma a ranar da ɗiyar fari ke kwance, a ce ga ta can tana rawar jiki a kan ɗiyarta a gaban surukai? Abin da na iya kawai, na matsa kusa da Inna na ce a hankali, "Inna, motar lafiya take kuwa?"

"Shekaranjiya-shekaranjiya anka gyara ta. Hau mu tahi."

Na hau. Inna ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, ni na zauna can wajen ƙafafu, ina kallon hanya kamar ba ruwana.

Daga Mungadi zuwa Maiyama hanyar gargada ce, duk ramin da muka faɗa sai yarinyar ta yi ƙara, Inna ta buga rufin gaba ta ce Yaya ya sassauta. Furar ta kife tun kafin mu hau kwalta, rabi ya tafi a zanena. Maiyama garinmu ne, nan aka haife ni, mun wuce ta bakin lungun gidanmu ba mu tsaya ba. Na hangi ƙanwar babana a bakin hanya tana tuyar ƙosai, na ja mayafi na rufe fuska, don na san in ta kira ni kuka zan yi.

Bayan Maiyama ne na fara lura da ƙafar Yaya. Akwai ɗan gilashi tsakaninmu da gaba, ta nan nake ganin gwiwarsa. Duk sanda zai rage gudu sai gwiwar ta sauka ta hau, ta sauka ta hau, sau biyu ko uku, sannan motar ta saurara. Da can sau ɗaya yake takawa.

A bakin gadar Jega akwai shingen 'yan sanda. Wanda ya leƙo bayan motar ba Bahaushe ba ne, ya ga ƙafar yarinyar ya ce, "Sannu Mama, sannu," ya ɗaga wa Yaya hannu ko takarda bai tambaya ba. Ban taɓa shiga Jega da wayona ba sai ranar. Manyan motoci jere, buhuna kamar ganuwa, ga wasu mata 'yan kasuwa daga Kudu tsaye a tsakiyar maza. Na ga ɗaya ta riƙe wa wani direba riga tana yi masa faɗa da Hausarta karyayya, yatsarta har tana taɓa hancinsa, kuma ba wanda ya waiwaya. A Mungadi da an shekara ana zancen. Na ce a raina wannan ba ta da kunya. Yanzu in na tuna ta ba haka nake cewa ba.

Yaya ya karya kan motar zuwa garejin. Fili ne a bayan tasha, ƙasar wurin baƙa ƙirin da mai, ga gawarwakin motoci kaji na kiwo a ciki. Ɗanladi ya fito daga ƙarƙashin wata babbar mota yana goge hannu, gajere ne mai fara'a, da haƙorin azurfa guda.

"Alhajin Allah, ba dai har kun yi kewata ba?"

"Birkin ga na, Ɗanladi. Sai na yi ta bugu kamin shi kama."

"Ai sabuwar fata ta, ba ta zauna ba tukuna. Sabon takalmi ma sai an taka shi kwana biyu." Ya leƙo bayan motar ya ga yarinyar. "Subhanallahi. Sannu Inna. Bari in ƙara mai ku kama hanya, kar a ɓata muku lokaci."

Ya buɗe gaban motar, injin yana ta ƙyalli an wanke shi da kananzir. Ya tsiyaya wani mai daga kwalba. Sannan ya zagayo yana yi wa Inna addu'ar samun sauƙi, ya ɗora ƙafarsa a kan tayar nan, ita dai wannan tayar. Tsakanin ɗan yatsan ƙafarsa da gidan zanzaron bai kai tafin hannu ba. Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe baki. Sai Yaya ya juyo wajenmu, na sunkuyar da kai, Inna ta miƙo mini ludayi ta ce in ba ƙawarta sauran furar.

Nan ne muryata ke sarƙewa in ina faɗa da baki.

Mun bar Jega mun kama hanyar Aliero, rana ta take. Ba mu yi nisa sosai ba, a wata 'yar gangara, amalanken shanu ɗauke da albasa ya fito daga hanyar gona ya hau kwalta. Na ga gwiwar Yaya ta sauka ta hau, ta sauka ta hau, ta sauka, ba ta ƙara hawa ba. Motar ba ta rage komai ba. Ya kauce wa shanun, muka gangara gefe, gaban motar ya daki bakin kwalbati.

Da na farga ina kwance cikin albasar mutane, takalmina ɗaya babu. Inna na zaune goshinta a fashe. Yarinyar ta bugu da ƙarfen gefen motar, ta ƙafar nan mai ciwo, ƙashin ya huda fata ya fito fari. Ba ta yi kuka ba, idonta kawai a buɗe. An ce na kira sunanta sau uku a gaban Inna da Yaya da mutanen gona. Ni ban tuna ba, amma ba wanda ya taɓa yi mini gori a kai.

Yaya sitiyari ya buge shi a ƙirji, wuyan hannunsa na dama ya karye. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka tura motar zuwa ƙofar mai garinsu. Wata motar albasa ta kwashe mu, muka shiga Aliero a kan buhuna, ni da takalmi ɗaya.

Gidan mai ɗorin babba ne, ɗakuna jere kamar na makaranta, kowanne da mai karaya da mai jinyarsa. Akwai mutanen Argungu, da na Yawuri, har da wani Bazabarme da aka kawo daga ƙetare. Mai ɗorin, wani tsoho, ya duba ƙafar sosai. Ya tambayi Inna yadda karayar take da safe, ta faɗa masa.

Ya ce, "Da ta farin ta kaɗai, wata guda ta tashi ta bi kazarta. Wagga ta biyun ita taɓ ɓata aiki. Za mu yi abin da munka iya."

Maza biyu suka riƙe ta, ya ja ƙafar, ya yi tofi, ya jera karare ya ɗaure, ya bar wurin raunin a buɗe. Ya sa aka kira malamin asibiti, shi ke zuwa kullum ya wanke ciwon ya yi mata allura. Ni aka ce in fita waje lokacin ja, wai uwa ba ta tsayawa. Na tsaya bayan ɗakin na dafa bango, ta cikin bangon nake jin ta.

Sati bakwai muka yi. Aliero gari ne da ko ruwan randa warin albasa yake. Mu a gida albasa guda ke yin miyar kwana biyu, su kuwa sai ka nemi kukar miyar ka rasa a cikin albasa. In maza sun gaisa, bayan iyali sai a tambayi albasa, ko ta fara ruɓa a rumfa, kamar ana tambayar mara lafiya. Amma mutanen kirki ne. Matan gidan mai ɗorin ba su taɓa bari mun ɗora tukunya da rana ba, kuma ɗaya daga cikinsu ce ta ba ni silifas.

Ɗakin da ke kusa da namu akwai Gwaggo Hurera, mutuniyar Birnin Malam, tana jinyar mijinta da raƙumi ya kayar. Babbar mace ce mai baki, ita ke yi wa kowa tsiya a gidan. Ni take ce wa kurma. Wata rana muna wanki a bakin rijiya ta ce, "Ke kurma, ciwon ɗiyarki daban, abin da ka cin ki daban. Mi na na?"

Ban san sanda na faɗa mata duka ba, tun daga tsinken tsintsiya har ƙafar Ɗanladi.

Ta ajiye sabulu. "Mai motar ya sani?"

Na ce a'a.

"Kin gan shi kuwa? Kullum shina zaune bakin zaure awa wanda anka yi wa mutuwa, tuwo na komawa yadda anka kai shi. Ce wa mijina yay yi shi yak kashe ƙafar ɗiyar ƙanensa da hannunsa. Shekaranjiya bakaniken nan mai haƙori ya zo da lemu, ya rantse ya yi aiki, ya ce ƙaddara ta. Ke kina nan kina kunya. Waccan kunyar ta riga ta ci abin da za ta ci. Wagga ta yanzu, mi za ki saya da ita?"

Da la'asar na faɗa wa Inna, ina tsefe mata kai don kada mu haɗa ido. Ta bari na gama kitson. Sannan ta ɗaura kallabi ta nufi zaure. Washegari Yaya ya aika wa mai garin can cewa kada kowa ya taɓa motar.

Ranar da aka sallame mu, a Jega muka yada zango. An riga an jawo motar zuwa filin sarkin makanikai, wani tsoho mai furfura da tabarau ɗaure da zare. An kira Ɗanladi. Buhun simintin nan ma Yaya ya sa an kawo daga gida. Mutane sun taru, ni ina bayan Inna, yarinyar a kafaɗata.

Ɗanladi ya ce, "Baba, ga kayan da nic cire nan gabanka. In ban kwance ba, ina nis samo su?"

Tsohon ya ce, "An ce akwai mai magana."

Inna ta matsa gefe ta bar ni a fili. Ban taɓa magana a gaban maza haka ba. Na nuna tayar da hannu, na ce a duba notunan.

Ɗanladi ya sunkuya ya yi dariya. "Zanzaro? Haba Baba. Motag ga sati bakwai tana ajiye. Zanzaro kwana biyu shika gini."

Na ce, "Akwai tsinke a ramin sama. Ita ta sa shi, tun motar ba ta zo Jega ba."

Tsohon ya durƙusa, ya gyara tabarau, ya sa farce ya zaro guntun tsinken. Ya juyo wajen yarinyar. "Ke ƙawar Inna, wa yas sa wanga?"

Ta ce, "Ni. Na tsintsiyar Inna na. Yak karye."

Ba wanda ya yi dariya. Tsohon ya sa sifana ya fasa lakar, tsutsotsin ciki suka zubo a bushe. Notin ya ƙi motsi, sai da wani ƙato ya hau kan sifanar da ƙafa biyu sannan ya yi ƙara ya saki, tsatsa na zuba. Da aka cire tayar da ƙarfen bayanta mai kama da kwano, fatar birkin ta cinye har ƙarfe na cin ƙarfe, ga man birki ya jiƙe wurin duka, ta nan yake tsiyaya. Aka kwance sauran ukun, duk haka suke, sai dai su ba sa yoyo. Tsohon ya ɗauki fata guda daga buhun ya kara a wurin. Ta fi wurin girma da yatsa biyu. Ta wata mota ce.

Ɗanladi ya zauna a ƙasa cikin man. Ya ce ranakun manyan motoci sun yi masa yawa, ya yi juyen, ya wanke injin, ya ce birkin zai kai wani zuwan. Tsofaffin fatun kuwa tuli gare shi a bayan rumfa, don ya san akwai masu cewa a ba su. Sarkin makanikai ya ce daga ranar ba shi ba riƙe sifana a filin nan. Wasu suka ce a kai shi gaban alƙali. Yaya ya ce, "Alƙali zai ƙara mata ƙashi?" Ya juya ya bar wurin.

A motar haya muka dawo. A tashar Maiyama, ana jiran fasinja, Inna ta sauka yin alwala. Yaya yana kujerar gabanmu, hannunsa rataye a wuya. Bai juyo ba, ya ce, "'Yar Maiyama."

Na ce, "Na'am, Yaya."

"Yaushe kig gani?"

"Tun a ƙofar gida."

"Da munka tsaya garejin hwa?"

"Ina gani."

Ya daɗe yana kallon gilashin gaba. Na jira ya yi faɗa, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Ni ma shekara shida kina gidanmu ban taɓa tambayarki komi ba." Sai ga Inna ta dawo, muka kama hanyar Mungadi.

Masu tambaya ko ta warke: ta warke, tana tafiya. Ƙafar hagun ta gaza ta dama da kamar yatsa uku, mai ɗorin ya ce haka za ta zauna. Maigidana ya dawo ya sa an yi mata takalmi mai tudu a Jega, ba ta son sa, ta fi son ƙafa a ƙasa. Da safe in ta fito daga ɗakin Inna za ta zo wurina karɓar kunu, ba sai na ɗaga kai ba, taku ɗaya mai nauyi ɗaya mara nauyi, tun daga bakin ƙofa har murhu. Jiya ta zo ta ce ta ga wani sabon ginin zanzaro a bayan rumbu, in zo in gani. Na ajiye muciya na bi ta.